Saƙon da Ba a Buɗewa

Kuttichira, Kozhikode
Ranar Laraba, tsakiyar damina

Zuwa ga Yayana Alikoya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Sainaba da yara baki ɗaya. Ina fatan ciwon bayan nan naka ya yi sauƙi, kuma sanyin Jamus bai matsa maka ba. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya ja kwananka. Wannan addu'ar daga zuciyata ta fito, domin a yanzu babu wanda nake so ya daɗe a duniya da hankalinsa garau kamar kai.

Mu nan sai godiya. Ruwa bai ɗauke ba tun farkon wata, rufin ɗakin yamma, inda kake karatu kana yaro, ya koma yoyo, mun jera tukwane uku a ƙasa. Jiragen kamun kifi ba sa fita, kifi ya yi wuya, yawanci da miyar wake muke cin wainar shinkafarmu ta pathiri. Umma tana nan da ciwon ƙafafunta, a zaune take salla yanzu, amma bakinta bai tsufa ba. Maigidana, baban 'yata Fasna, yana fita shago ya dawo, ya rame har zanen ɗaurinsa sai ya zagaye shi sau biyu, kuma ya daina zama a bakin tafkin masallaci da la'asar saboda gajiya da jaje. Sabon gidanka na bakin kogi lafiyarsa ƙalau. Kowace Asabar nakan hau mota in je in buɗe tagogi ashirin da biyun nan ya sha iska, in share baranda, in kori jemagu daga benen sama. Mangwaron da ka dasa da hannunka ya yi 'ya'yan fari a bana. Na tsinko guda shida na kai wa Fasna gidan yari, masu gadi suka ce ba a shiga da su.

Yau wata bakwai da kwana tara ke nan tana ciki. Na rubuta maka lissafin ne don na san ba ka riƙe shi ba.

Yaya, kai ka koya mana darajar saƙo a gidan nan. Kai ne farkon wanda ya haye teku a danginmu, kuma ban manta yadda falon Umma yake cika ba duk jajibirin tafiyarka: wannan ta kawo alewa, waccan soyayyar ayaba, wani ya kawo wasiƙa, kowa da ƙullinsa, kai kuma kana tsaye da igiya da ma'aunin da aka aro daga mai kifi. Ina da shekara goma sha ɗaya na soka yatsa a ƙullin maƙwabciyarmu don in ga abin da ke ciki, ka mare ni marin da har yau in na tuna sai kuncina ya yi zafi. Ka ce saƙo amana ne, mai ɗauka jaki ne, jaki kuma ba ya tambayar abin da aka ɗora masa. Da wannan maganar na raini 'yata. Da ka nema mata aikin jinya a Frankfurt, na ce mata ta tafi ba fargaba, kawunta yana can, kuma a gidajenmu na Kuttichira kawu ya fi uba iko. Na ce in ka ce ta zauna ta zauna, in ka ce ta tashi ta tashi. Ta ji maganata, Allah Ya yafe mini.

Ranar da aka ɗaure mata akwati don hutunta na farko bayan shekara biyu, a falonka aka yi, muna kallo ta waya ni da Umma. Washegari da hantsi muka je filin jirgi mu tara a mota biyu, Umma ta sa an yi shinkafa da kaza, an ajiye a gida tana jira. Fasinjoji suka fito ɗaya bayan ɗaya har aka daina fitowa. Sai bayan azahar wani jami'i ya zo ya kira sunan babanta. A cikin wani kwalin cakulan, ƙarƙashin jerin farko, sun sami ambulan, a cikin ambulan ɗin akwai takarda mai zane-zane da aka tsaga layi-layi kamar kan sarki, ƙananan gidaje sittin. Ni da na gani sai na ce ai irin abin da yara ke liƙawa a littafi ne. Jami'in ya dube ni da tausayi, ya ce Hajiya, wannan in mutum ya ɗora ɗaya a harshe sai ya ga bango yana numfashi.

Da yamma na kira ka ina kuka, ka miƙa wa ɗanka Rinshad waya. Ba zan manta muryarsa ba, har da 'yar dariya a ciki. Wai Goggo ki kwantar da hankalinki, wannan ba ƙwayar maye ta LSD da aka hana ba ce, 'yar'uwarta ce, a kanti ake sayar da ita a can da rana tsaka, har rasit gare shi, a nuna wa jami'an rasit kawai su sake ta. Wai mu mutanen gida komai sai mun mayar da shi tashin hankali. Washegari da na sake kira, sai rasit ya ɓace, dariya ta ɓace, kai kuma ka ce mutum ashirin suka kawo saƙo ranar, ina za ka tuna wanda ya kawo kwalin cakulan. Lambar abokin da aka ce zai zo karɓa a kashe take har yau. Fasna ta faɗa wa jami'ai gaskiya tun ranar farko, amma baki ne kawai, kuma sun ce duk wanda aka kama haka yake cewa, saƙon ɗan'uwa ne.

Ka san ni, aji bakwai na tsaya a makaranta. To yanzu ƙanwarka ta zama malama. Lauyarmu, wata baiwar Allah mai suna Padmini, ta gaji da tambayoyina har ta zana mini taswira a bayan wata tsohuwar kalanda, na liƙa ta a kicin kusa da jadawalin salla. Ta ce abin nan ba ganye ba ne, ba saiwa ba ce, a ɗakin haɗa magunguna ake yin sa. In hukumar wata ƙasa ta hana shi da sunansa, sai masu haɗawa su ɗan sauya masa kusurwa ɗaya, su raɗa masa sabon suna, su ci kasuwa kafin doka ta farga ta biyo su. Na ce mata wato ba cinya ba ƙafar baya, ta yi dariya ta ce haka ne. Ta ce akwai ƙasashen da ke bin sunaye ɗaya bayan ɗaya kamar mai kama fara, a nan ne ake samun kantuna irin na Rinshad. Akwai waɗanda suka yi jimla, suka ce duk abin da ke juya hankali haramun ne ko da bai sami suna ba tukuna. Akwai kuma inda ba a ma son tsayawa jin sunan. Ta sa yatsa a kan garin Larabawan da jirgin Fasna ya yada zango awa uku, ta ce in yi sujadar godiya da ba a can aka buɗe akwatin ba. Takarda ɗaya, Yaya, cikin kwali ɗaya: da safe kayan kanti ce, da rana a garin Larabawa ta isa ta sa a kashe mutum, washegari a nan ta zama ɗaurin shekara goma mafi ƙaranci. Yarinyar da ke ɗauke da ita kuwa cakulan ta sani.

A nan gida da aka kai abin ɗakin gwaji, sakamako bai raba shi da LSD ta ainihi ba. Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne awo. Padmini ta ce ainihin maganin da ke jikin takardar duka bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ba, kuma da shi kaɗai za a auna, da tuni an ba da belinta tana gida. Sai dai a nan har da takardar ake aunawa, tunda da ita ake haɗiya. Da aka ɗora takardar a sikeli sai ta haura iyakar da doka ta ce daga nan mutum dillali ne. Saboda nauyin takarda 'yata ta zama dillaliya. Na tuna yadda kake tsayawa a kan ma'aunin mai kifi kana cire kwali da leda daga saƙon mutane, kana cewa ba za ka ɗauki nauyin banza ba. Ga shi ka ɗora wa 'yar ƙanwarka nauyin banza, ta ɗauka.

Sau nawa na roƙe ka? Abu ɗaya Padmini ta nema: Rinshad ya zo gaban alƙali ya faɗa da bakinsa cewa kwalin nasa ne, Fasna ba ta san abin da ke ciki ba. Ka ce yaro yana shekarar ƙarshe a jami'a. Ka ce takardunsa na zama ɗan ƙasa sun kusa fitowa. Ka ce bai karya dokar inda yake zaune ba, don me zai kawo kansa inda za a ɗaure shi a kan abin da ba laifi ba ne. Ka ce Fasna mace ce, ma'aikaciyar jinya, alƙali zai tausaya. Yaya Sainaba kuma ta turo mini saƙon murya mai tsawon minti tara a kan falalar haƙuri, har da ayoyi. Ki sha kuruminki Yaya Sainaba, na saurara har ƙarshe, sau biyu ma. Na lura dai a minti taran nan ba ki ambaci sunan Fasna ko sau ɗaya ba, yarinyar da ta yi wata huɗu tana wanke miki ciwon ƙafa bayan ta taso daga aiki.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ba ka sani ba. Ka san kunnen Umma ya yi nauyi, in ana magana ta waya rabi take ji, sai daga baya ta dame ni da me aka ce, me aka ce. Saboda haka na saba ɗaukar hoto da sautin duk kiran da kuka yi in adana, in kunna mata a hankali bayan ta sha shayi. Ranar ɗaurin akwati ma na ɗauka. Minti arba'in da ɗaya ne. A minti na ashirin da shida ga ka nan da farar singileti, ka ɗauko kwalin cakulan ka ɗora a sikeli, ka ce giram ɗari uku da hamsin, na Rinshad ne, abokinsa zai zo gida ya karɓa. Ga Rinshad a bayanka yana cin ayaba yana gyaɗa kai. Fasna ta miƙa hannu tana wasa, ta ce Kawu bari in ɗanɗana ɗaya ladan dako. Ka buge mata hannu, ka ce ke, a gidanmu ba a buɗe saƙon mutane. Kowa ya yi dariya. Ana jin tawa dariyar ma a ciki, ta fi ta kowa ƙarfi.

Tun makon farko na tuna da shi. Na kunna wa Umma, ta kalla, sannan ta kama hannuna ta ɗora a kanta, ta ce in rantse ba zan nuna wa kowa ba. Ta ce Alikoya zai yi abin da ya dace da kansa, ɗanta ne, ta san shi, kada in miƙa yayana ga hukuma da hannuna. Na rantse. Wata bakwai ina kwana da wayar nan a ƙarƙashin matashi, ina zuwa gidan yari ranar Talata in ga 'yata ta bayan ragar ƙarfe, in dawo in dafa wa Umma abinci, ranar Asabar in je in share maka gida. Ban taɓa sanin mutum zai iya tsanar ɗan'uwansa yana share masa baranda ba. Na tsane ka, Yaya. Na faɗa ne don kada ka yi zaton ladabin takardar nan yana nufin wani abu dabam.

Makon jiya aka sake zaman neman beli, karo na uku. Umma ta ce sai ta je. Muka hana, ta ce in ba a kai ta ba za ta rarrafa. Baban Fasna da wani ɗan dako suka ɗaga ta a kujera har bene na biyu. Alƙali bai ɗauki minti goma ba ya ƙi. Da za a fita da Fasna, 'yar sandan da ke riƙe da ita ta yi mana kara ta tsaya a baranda. Yarinyar nan ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi kowa komai ba. Ta kama wuyan hannun kakarta ta sa yatsu biyu tana kallon agogon bango, ta duba ƙafafunta, sannan ta juyo ta yi mini faɗa, wai Umma ba ta shan maganin hawan jini a kan lokaci, wai me nake yi a gidan. Har aka ja ta tana waiwaye tana cewa rabin ƙwaya da safe, bayan abinci.

Da muka isa gida Umma ta ƙi shiga ɗaki, ta zauna a kan dakalin zaure inda kakanninmu mata suka zauna, ta daɗe tana kallon tsakar gida. Can ta ce gidan nan shekara ɗari biyu yana tafiya daga uwa zuwa 'ya, ita ta karɓa daga uwarta, ni zan karɓa daga gare ta, daga ni kuma sai Fasna, babu wata. Ta ce ɗa namiji haihuwarsa ake yi a ba wa gidan wata, ita kuwa ta zauna tana gadin abin da ta riga ta bayar, ta bar na gida a hannun 'yan sanda. Ta ce in kawo wayar. Na kawo. Ta tofa mini a tafin hannu ta ce ta warware rantsuwar, in akwai zunubi a wuyanta.

Ranar Litinin na kai wa Padmini. Ta kalla sau uku, ta cire tabarau ta ce Suhara, wata bakwai kina da wannan? An riga an miƙa wa kotu, an ba masu bincike nasu. Ba shawara nake nema ba, labari nake ba ka.

Ga yadda ta bayyana mini, kuma na sa ta maimaita don kada in yi maka ƙari. Hoton zai taimaki Fasna ƙwarai, amma shari'a doguwa ce, kuma zaman gaba sai ranar sha huɗu ga watan gobe. Ku kuma ba ta tsammanin za a iya ɗauko ku daga can, tunda a inda kuke abin ba laifi ba ne ranar da aka saya. Ka ga dokar da kuke taƙama da ita ta yi muku rana. Sai dai sunanka da na Rinshad za su shiga takardar da ake ajiyewa a filayen jirgi da tashoshin ruwa na ƙasar nan. Duk ranar da ɗayanku ya sauka, kafin ya ga akwatinsa za a kira shi gefe, kamar yadda aka kira 'yata. Hannun da aka gani a hoton yana ɗora kwali a sikeli naka ne, bakin da ya hana a buɗe naka ne. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya cewa ba ka san abin da ke ciki ba, shi ne wanda ke bayanka yana cin ayaba.

To ga zaɓi nan na ajiye maka, irin wanda ka ajiye mini. In Rinshad ya zo kafin sha huɗu ga wata ya faɗi gaskiya, ya wanke Fasna, ya wanke ka, sai ya ɗauki kayansa da kansa, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. In kuma ka ga yaro yana shekarar ƙarshe, takardunsa sun kusa fitowa, to wallahi na fahimce ka, babu wanda ya kai ni sanin zafin ɗa. Sai ku zauna a inda abin yake halal. Ka yi ritayar da kake ɗoki baɗi a cikin ɗakuna biyun nan naka na hawa na huɗu. Ranar da Umma za ta cika, zan kira ka ta waya ka kalla, zan ma ɗauka in adana maka, ka san na iya. Gurbin da ka nuna kusa da kabarin Baba a harabar masallaci, ka ce nan kake so, ba zan hana kowa ba in an nema. Shi ya sa na ce Allah Ya ja kwananka. Ina so ka daɗe kana tuna ƙamshin ƙasar nan in ruwan fari ya sauka.

Wannan takarda Hajiya Bichumma ce za ta kawo maka, za ta zo wankan jegon 'yarta. Za ka ga ambulan ɗin a buɗe. Kada ka zarge ta, tun abin da ya faru babu mai karɓar saƙo a rufe a duk unguwar nan, ko na limami ne sai an zazzage a gaban mai shi. Al'adar da ka mare ni a kanta, kai ka kashe ta. Na ce mata ta karanta don ta tabbata babu abin da zai ja mata, ta karanta a gabana, ta nemi ruwa ta sha, ta sake karantawa. Ka san Bichumma, ko a makabarta ba ta iya shiru. Ina jin kafin ta huce gajiya duk mutanenmu na Frankfurt sun san abin da ke minti na ashirin da shida, sai ka shirya abin da za ka ce musu ranar Juma'a.

Ka gaishe mini da Yaya Sainaba, ka ce ina mayar mata da ayoyin haƙurin nan, za ta fi ni buƙatarsu. Ka gaishe da 'yarka Thasni da mijinta da ƙaramarsu, su ba ruwansu, Allah Ya raya. Ka gaishe da Rinshad, ka ce Goggonsa ta kwantar da hankalinta kamar yadda ya ce. Baban Fasna bai ba da saƙo ba. Na tambayi Umma ko in sa gaisuwarta, ta ce in rubuta maka cewa tana shan maganinta rabin ƙwaya da safe, bayan abinci. Fasna kuwa, ranar Talata ta tambaye ni ko bayan Kawu ya yi sauƙi, ta ce in tuna maka kada ka riƙa ɗaga abu mai nauyi.

Akwai ɗan ƙulli tare da takardar nan, shi ma a buɗe. Mabuɗin gidanka ne na bakin kogi. Na rufe tagogin duka ranar Asabar, ba zan koma ba. Na auna shi don kada ya yi wa Bichumma nauyi, giram arba'in da biyu ne, har da takardar da na naɗe shi, tunda mu a nan haka muke awo.

Wassalam.

Ƙanwarka, uwa ɗaya uba ɗaya,
Suhara